Yadda Jambal Ya Kai Ofishinmu Matakin Duniya

Kwana uku kacal Jambal ya yi a Ulanbator, babban birnin ƙasarmu, amma da ya dawo sai da ya tsaya a bakin ƙofar ofishinmu yana ƙare wa ginin kallo kamar bai taɓa ganinsa ba. Katin taron da ya je yana rataye a wuyansa, ya fito da shi saman rigar sanyi yadda kowa zai gani.

Ya ce, "Yaya Tsermaa, ashe cikin duhu muke zaune?"

Na ce, "Ai an kawo wuta tun safe."

"Ba wannan duhun ba. Duhun kai."

Ni ce ke zaune a teburin farko na ofishin sama wa jama'a aikin yi a garinmu, shekara goma sha tara ke nan. Jambal mataimakin shugaba ne. Taron ma ba shi aka gayyata ba, shugabarmu Dulamsuren aka kira, sai santsin ƙanƙara ya kwashe ta a gaban kanti ta karya ƙafa, dole aka tura shi. Direban da ya kai shi ya tsegunta mini cewa ranar farko barci ya sha a kujerar baya, rana ta biyu ya tafi kasuwa neman takalmi, ta uku ce ya zauna daram, domin ranar ake raba jaka da cin liyafa.

Labarin da ya kawo dai ba na wasa ba ne. Gwamnati na son ofisoshi irin namu su dace da ƙa'idojin ƙwadago na duniya, kuma nan da mako uku baƙi za su zo dubawa. Ofishin da ya gaza za a haɗe shi da na babban birnin lardi, tafiyar kilomita ɗari da tamanin. Ga shi a shekarar nan sanyi ya yi wa dabbobi kisan ƙare dangi, makiyaya sun cika gari sun kafa tantunansu a bayan tashar mota, kowa na neman abin yi. Mutumin da ba shi da tunkiya ko ɗaya, da me zai je birnin lardi cike takarda?

Na ce, "To sai mu kira shugaba a asibiti ta gaya mana yadda za a yi."

Ya ce, "Mai karyayyar ƙafa? Ki bar ta ta huta. Ni da na zauna teburi ɗaya da ƙwararrun duniya. Wani ma har gishiri ya miƙo mini." Ya zaro wata takarda daga aljihu, layi huɗu ne a jikinta, waɗanda ya kwafa daga allo kafin a goge. "Duniyar gaba ɗaya tana nan. Mako uku ya yi mini yawa."

Layi na farko ya ce a karɓi jama'a cikin tsari. A Ulanbator ya ga na'urar da ke tofo lamba a takarda, mu kuwa ba mu da ita. Sai ya je wurin likitan dabbobi ya aro kwali guda na 'yan kunnen roba masu lamba, irin waɗanda ake maƙala wa tumaki. Washegari duk wanda ya shigo sai ya damƙa masa ɗaya.

Wani makiyayi mai suna Gonchig, mutum ne mai shekara hamsin da ɗoriya wanda dabbobinsa ɗari uku suka koma goma sha ɗaya, ya juya tasa ya duba, ya ce, "Shugaba, wannan ai ta tunkiyar maƙwabcina ce. Na san ta, mai baƙin kai. Ta mutu a watan jiya."

"Yanzu taka ce. Zauna."

"A kunne zan sa?"

"A hannu za ka riƙe, Baba! Kai, aiki na gabana."

Ya hau kan kujera ya gyara murya. "Lamba ɗaya!"

Ba wanda ya tashi.

"Lamba biyu!"

Na leƙa hannun mutane. Mafi ƙanƙanta a ɗakin ita ce dubu biyu da ɗari biyu da shida. Na raɗa masa. Ya ce tsari tsari ne, ba a tsallake lamba a ƙasashen da suka ci gaba. Kafin lokacin cin abincin rana ya kai ɗari uku da arba'in, muryarsa ta dushe, ba a gana da mutum ko ɗaya ba. Masu jira kuwa har sun fara taya shi kira don a yi sauri.

Layi na biyu ya ce hidimar ofis kyauta ce. Mu dama tun da aka gina ofishin ba mu taɓa karɓar ko tugrik ɗaya a hannun kowa ba, amma Jambal ya ce abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Ya sa aka rubuta da jan fenti a saman ƙofa: A NAN KOMAI KYAUTA NE.

Inna Pagma, tsohuwar da ke sayar da busasshen cuku a bakin hanya, ita ta fara karantawa. Ta shigo ta gaishe ni, ta zare butar shayinmu daga soket, ta zubar da ruwan a tukunyar fure, ta rungume ta.

Jambal ya yi tsalle. "Inna, ina za ki da ita?"

"Gida, ɗana."

"Ta gwamnati ce!"

"To gwamnatin ce ta rubuta. Ko kai ka fi ta?"

"Hidima ake nufi, Inna, hidima!"

"Ai ka yi mini hidimar. Riƙe mini ƙofa."

Ya riƙe mata kuwa, don bai san lokacin da hannunsa ya kai ba. Kafin a tashi aiki kujeru shida sun bi ta, da labule, da agogon bango. Wani ma ya tambayi ko babur ɗin da ke jingine a waje yana ciki. Na Jambal ne. Da yammar nan da kansa ya hau tsani ya shafe rubutun, fentin ya ɗiga masa a gira.

Layi na uku shi ne ya fi ɗaukar hankalinsa: ba a nuna bambanci tsakanin masu neman aiki. Wannan gaskiya ce, kuma ni ma ina bayanta. Amma Jambal ya zo ya tsaya a kaina ina yi wa wata mata tambayoyi, ya dafe akwatin katunana.

"Me kike tambayar ta?"

"Abin da ta iya."

"Kin gani! Idan kin san abin da ta iya, kin bambanta ta da wanda bai iya ba. Shi ne bambancin da duniya ta hana."

"Jambal, ƙanena, a taron haka suka ce?"

"Ke kika je ko ni?"

Ya cire hularsa ta gashin dila, ya zuba sunayen masu nema a ciki. Ya aro hular mai hura mana wuta ya zuba guraben aiki. Ya rufe ido ya dinga zaro ɗaya nan ɗaya can yana haɗawa.

Wata tela mai shekara sittin ta samu tuƙin motar gawayi. Wani ƙaton ɗan kokawa ya samu rainon yara a makarantar 'yan dagwai. Gonchig, wanda ya san ulu kamar tafin hannunsa kuma ba injin da ba ya gyarawa, ya samu shagon gyaran gashi.

Kwana biyu aka yi sakamako ya fara shigowa da ƙafarsa. Mai motar gawayi ya ce telar ba ta ko taɓa sitiyari ba, amma ta ɗinka wa tagogin motar labule mai furanni, yanzu direbobi na yi masa dariya. Shugabar makarantar yara ta ce ɗan kokawa mutumin kirki ne, yara na hawansa kamar dutse, sai dai abincin aji biyu yake cinyewa kafin a zuba musu. Muna cikin wannan sai ga malamin kiɗa na sakandare, mutumin da ya shekara goma yana tara gashi har kafaɗa, ya shigo da mayafin matarsa a ka. Ya yaye. Kan nan fes, kamar dafaffen ƙwai.

"Baki kawai na ce a rage mini! Sai ji na yi an kayar da ni, an matse wuyana tsakanin gwiwoyi!"

Gonchig na biye da shi, almakashi a hannu. Ya ce, "Minti biyu, Shugaba, kuma ko ƙwarzane babu. Ya yi ta shure-shure ne, shi ya sa na danne. Duk haka suke yi a karon farko."

Jambal ya zagaya malamin ya duba kan ta baya, ya ce, "A Ulanbator yanzu haka manyan mawaƙa ke yi."

Layi na huɗu ya ce a kafa kwamitin shawara, masu ba da aiki da ma'aikata daidai wa daida. Ya samo mahauci a ɓangaren masu ba da aiki. A ɓangaren ma'aikata ya samo wadda ke yi wa mahaucin aiki a shago, wato matarsa. Zaman farko da na ƙarshe bai kai rabin awa ba. Matar ta ce tun da yau an ba ta baki a hukumance, tana son a rubuta cewa shekara ashirin da biyu ba ta taɓa samun hutu ba, kuma uwarsa ta zo kwana uku ta yi wata bakwai. Mahauci ya ce wannan ba ya cikin ajanda. Ta ce shi ma ba ya cikin ajandarta, ubanta ne ya sa shi. Jambal ya rubuta a rahoto cewa ɓangarorin biyu sun yi musayar ra'ayi a fili.

Saura kwana uku baƙi su zo, ya kira ni gefe.

"Yaya, na gano inda matsalar take. Tsarin lafiya lau yake. Mutanen ne ba su kai matakin duniya ba."

"Waɗanne mutane?"

"Masu neman aikin mana. Dubi takalmansu. Dubi yadda suke warin hayaƙi. Baƙuwa daga ƙasar waje ta shigo ta ga wannan?"

"Ai su ta zo gani."

Bai ji ba. Ya tattaro danginsa da na matarsa mutum goma, ya ce su sa tufafin sabuwar shekara su zo su yi kamar masu neman aiki. Ya aro kujeru daga zauren biki. Ya ba kowa abin da zai faɗa, suka yi ta maimaitawa. Babban jarumin wasan shi ne Sodnom, yayan matarsa, mutumin da rabonsa da aiki shekara goma sha ɗaya. Bayansa ke ciwo, in ji shi, ko da yake ciwon ba ya hana shi wasan kati a tsugune daga safe har yamma. Matarsa Handa ce ke riƙe da gidan da sayar da gurasa mai nama.

Mu kuwa, ni da masu nema na gaske su kusan arba'in, ranar da baƙi za su zo aka kora mu ɗakin hura wuta da ke manne da bayan ofis. Jambal ya ce kada wanda ya yi ko tari. Na ɗauki akwatin katunana na tafi da shi, na kifa bokiti na zauna, na ci gaba da aikina a hankali. A bangon akwai rami inda bututun ɗumama ɗaki ya ratsa, ana jin komai ta nan, ido ɗaya kuma yana iya leƙawa. Nan take aka yi layi a kansa, layi mai tsari, ba tare da lambar tunkiya ba.

Ƙarfe goma baƙi suka iso: wani jami'i daga ma'aikatar ƙwadago wanda ke yin tafinta, da wata dattijuwa 'yar ƙasar Filifin, Madam Villareal, 'yar ƙarama cikin rigar sanyin da ta kusa haɗiye ta. Jambal ya tare su da shayi mai madara da gishiri, ya yi jawabin minti ashirin. Ya ce shi kaɗai ya ɗauko ofishin nan daga zamanin jahiliyya cikin mako uku. Ya ce in ana so, zai iya zagaya sauran larduna ya koyar.

Baƙuwar ta dubi mutum goma da ke zaune cikin siliki suna sheƙi, ta yi magana. Tafinta ya ce, "Tana tambaya, an ce dabbobi sun mutu da yawa a nan. Ina makiyayan?"

"Duk mun sama musu aiki," in ji Jambal.

A ɗakinmu wani ya ce, "Af!" Aka toshe masa baki da hula.

"Tana son ta ga yadda kuke ganawa da mai neman aiki."

Jambal ya tafa hannu. Sodnom ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya kawo haddarsa da murya mai rawa: "Ranka ya daɗe, ni mutum ne mai ƙarfi da lafiya. Ba na zaɓen aiki. Ba na tsoron wahala. Ko yau aka ce in fara, a shirye nake."

Ya faɗe ta da kyau, har ni sai da na ji tausayinsa. Bai rufe baki ba aka banko ƙofa. Norjin ce, mai masana'antar wanke ulu a bakin kogi, mace mai faɗin kafaɗa wadda ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba. Mako biyu ke nan tana aiko wa Jambal cewa tana neman ma'aikata takwas, shi kuwa takardarta tana cikin hular mai hura wuta.

"Ina mutanen da na nema? Ulu ya taru har rufi!" Sai ta tsaya, ta dubi Sodnom. "Kai, maimaita abin da na ji daga waje."

Sodnom ya dubi Jambal. Jambal ya dubi baƙuwa, wadda ta gyara tabarau ta matso. Ya yi wa Sodnom alama da gira.

"Ba na... ba na zaɓen aiki," in ji Sodnom, muryar ta sirance.

"Ba ka tsoron wahala?"

"Wato, ya danganta da..."

"Ba ya tsoro!" Jambal ya karɓe. "Mun tantance shi."

"Madalla. Kwamin wanki na uku, ruwan sanyi, ƙarfe shida na safe. Yau za ka fara, tun da ka ce a shirye kake. Mota na waje." Ta damƙi hannun rigar silikinsa.

"Bayana! Jambal, gaya mata bayana!"

"Yanzu ka ce kana da lafiya," in ji tafinta, yana duba abin da ya rubuta.

"Shi ya rubuta mini! Ni kwalba ɗaya aka yi mini alkawari, ba a ce da aiki a ciki ba!"

Norjin ta juya kan sauran tara. "Saura bakwai. Ke, tashi. Kai ma."

Ɗakin ya watse. Gwaggon Jambal ta ce ita fa ta yi ritaya tun kafin a haifi Norjin. Wani ɗan kawunsa ya ce shi ma'aikacin gidan waya ne, hutun rabin awa ya ɗauka. Biyu suka fita ta taga, siliki na kama ƙusa.

Mu da ke bayan bango mun yi iya ƙoƙarinmu. Amma da Sodnom ya rungume ƙafar teburi Norjin na jan sa tare da teburin, mai leƙe a ramin ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki, sai dariyar mutum arba'in ta fashe lokaci ɗaya, ta bi bututu ta fito a tsakiyar ofis.

Baƙuwar ta dubi bango. Tafinta ya ce, "Tana tambaya, su wa ke cikin bangon?"

"Bututu ne," in ji Jambal. "Haka yake yi in ya ɗauki zafi."

Gonchig ya kafa baki a ramin. "Shugaba, bututun na tambaya, ya fito ko ya ƙara jira?"

Baƙuwar ba ta jira tafinta ba. Ta fita ta zagayo, ta turo ƙofar ɗakin hura wuta, ta same mu cunkushe cikin ƙurar gawayi, ni a kan bokiti da akwati a cinya. Na miƙe ina karkaɗe riga. Ta yi mini alama in zauna, ita ma ta samu buhun gawayi ta zauna, ta ce in ci gaba.

Sai na ci gaba. Na kira Gonchig na tambaye shi abin da ya iya, da abin da yake so, da inda iyalinsa suke, na rubuta. Na juya wurin Norjin, wadda ta biyo mu riƙe da Sodnom, na tambaye ta awa nawa ake yi, nawa take biya, ko akwai safar hannu da takalmin ruwa, ko za ta sa hannu a takardar yarjejeniya. Ta yi gunaguni ta ce za ta sa. Na zaro katuna bakwai. Kafin awa ɗaya Gonchig ya zama mai kula da injinanta, mutum shida kuma sun samu gurbi.

Baƙuwar ta tambayi tun yaushe nake yin haka. Na ce shekara goma sha tara.

Jambal ya kutso kai ta ƙofa, gawayi a hanci. "Wannan shi ne reshenmu na baya. Sabon tsari ne, ni na ƙirƙiro shi. Na gaban kuma gwaji ne, don a nuna yadda bai kamata a yi ba."

Tafinta ya buɗe baki zai fassara, ya rufe, ya ce, "Malam, wannan ka faɗa mata da kanka."

Ba a rufe ofishinmu ba. Rahoton baƙin ya ce muna buƙatar na'ura mai ƙwaƙwalwa, da horo, da kwamiti na gaske, aka ba mu wata shida. Shugaba Dulamsuren ta dawo da sanda, ta karanta rahoton a tsaye, ta mayar da Jambal kula da ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, inda ba mai shiga sai ɓera.

Bayan wata guda, da rana tsaka, Handa matar Sodnom ta shigo ɗauke da tukunya tana tururi, cike da gurasa mai nama. Ta wuce ni, ta wuce shugaba, muka bi ta har ɗakin ajiya, ta dire ta a gaban Jambal, idonta da hawaye.

"Shekara goma sha ɗaya. Uwarsa ta yi magana, ni na yi kuka, har gidan ibada na kai sunansa aka yi masa addu'a. Ba wanda ya iya sai kai. Jiya ya kawo albashi, na zauna ina kallonsa kamar baƙo."

Jambal ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan riga, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji dai da kunnenku. Tun farko shi na auna. Irin wannan dabarar ba a gane ta da wuri." Ya dafa kafaɗar Handa. "Ƙanwata, ki gaya masa kada ya damu da godiya. In ya ga dama ma, zan yi magana a ƙara masa aikin Asabar."

Bai san tagar bayansa a buɗe take ba, bai kuma san motar Norjin ta tsaya a waje Sodnom na loda buhuna ba. Takalmin ruwa ya shigo ta tagar, jiƙe sharkaf, yana warin ulu, ya same shi a ƙeya.

Handa ta leƙa waje ta daka tsawa: "Zo ka ɗauki abinka! Da ƙafa ɗaya za ka koma bakin aiki?"